Dawakin Bayan Mota: Sharhi Kan Zanen Doki a Ƙofofin Masana'antun Kano

Duk wanda ya taɓa bin titin Sharaɗa da sassafe ya san layin manyan motocin nan da ke kwana a bakin kamfanoni suna jiran lodi. Yaran mota na wanke fuska da buta, mai shayi na firfita wuta, direba na miƙe bisa tabarma a ƙarƙashin motarsa. Yawancinmu ba ma ko ɗaga kai, sai dai mu yi tsaki don sun cinye rabin hanya. Amma wanda ya daure ya bi layin a ƙafa, yana duban ƙyauren bayan kowace mota, zai ga abin kallo iri-iri: zaki ya buɗe baki, mikiya ta ware fukafukai, masallaci mai koriyar ƙubba, fuskar Shehu Ibrahim Inyass, ga kuma doki.

Dokin nan shi ne abin sharhinmu a yau. Mun ɗauki 'yan kwanaki muna zaga Sharaɗa da Chalawa da Bompai, ba mu da aiki sai kallon bayan motoci. Mun dawo da ra'ayin cewa zanen doki a jikin mota fasaha ce mai ƙa'idojinta, akwai gwanayenta akwai 'yan koyonta, kuma ma'aunin da ya dace a auna ta da shi yana wurin mutanen da suka san doki. Mun kuma dawo da fargabar cewa fasahar na gab da ɓacewa alhali ba a rubuta sunan ko mutum ɗaya daga masu yin ta ba.

Me ya kai doki ƙofar kamfani?

Bompai ce babbar yaya a cikin unguwannin masana'antun Kano, tun zamanin Turawa aka fara kafa kamfanoni a cikinta. Sharaɗa da Chalawa sun biyo baya lokacin da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, Chalawa kuma ta yi suna da kamfanonin jimar fata da ke kusa da kogin da ta ci sunansa. Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, ga matsalar wutar lantarki da kwararowar kayan waje, kamfanoni da yawa suka rufe, musamman masaƙu. Waɗanda suka rage, masu yin robobi da takalma da taliya da alewa da man girki, har gobe sai da mota suke fitar da kaya zuwa Maiduguri da Maraɗi da Damagaram da Legas. Shi ya sa babu inda za ka sami manyan motoci a tsaye cak, jere da juna, na tsawon yini ko fiye, kamar ƙofofin nan. A kan hanya zanen wucewa yake yi kamar walƙiya. A nan ne kaɗai yake tsayawa har ido ya ƙoshi.

Bahaushe ya daɗe yana ƙawata bango. Gidajen cikin birnin Kano da na Zariya shaida ne: dagi, takobi, da zanen sarƙa mai shiga juna, daga baya har keke da agogo da jirgin sama suka hau soro. Sai dai magina ba su cika sakin jiki da siffar mai rai ba. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shafe a jikin bango ko ƙyalle, amma duk da haka maigida ya fi samun natsuwa idan babu dabba ko mutum a ƙofar zaurensa. Mota kuwa ba gida ba ce, 'yar hanya ce. Abin da bango ya ji nauyin ɗauka sai bodin katako ya ɗauka. A nan ne mai fenti, wanda asalin aikinsa rubuta sunan shago da lambar mota, ya sami filin da zai gwada hannunsa.

Akwai abin mamaki a cikin lamarin. Doki shi ne ƙarfin Kano na ɗaruruwan shekaru. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, Muhammadu Rumfa kuma, daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara dawakin zage. A 1903 bindigar Bature ta kawo ƙarshen dokin yaƙi, a 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, mota ta zo ta ƙarasa sauran aikin. Ko keken da aka riƙa haɗawa a Bompai, dokin ƙarfe Bahaushe ya kira shi. Wato injin da ya raba doki da aikinsa, shi ne yau yake goye da hotonsa yana yawo da shi gari-gari.

Dawaki uku

Kafin mu ce wannan zane ya yi, wancan bai yi ba, sai mu tuna wa ake yi wa zanen. Bakano bai san doki a dunƙule ba. Ya san kili da akawal, ya san danda da hurde, bidi da gunya da bikili. Ya bambanta ingarma da kuru, goɗiya da dukushi. Ya san taƙama daban, sassarfa daban, sukuwa daban. Yaron da ya tashi yana kallon Hawan Daushe daga kafaɗar yayansa ya san inda jalala take zama da yadda ake riƙe kamazuru. Mai zanen da zai yi wa irin wannan ido aiki ba ya da wurin ɓuya.

Na farko mun gan shi a Sharaɗa, a bayan wata tsohuwar roka mai bodin katako da ke jiran lodin bokitai. Kili ne, fari tas, an kama shi a daidai lokacin da mahayi ya zame shi a ƙarshen jahi. Ƙafafun baya sun shige ƙarƙashin ciki, kuturi ya yi ƙasa, wuya ya lanƙwashe, baki a buɗe saboda zafin linzami. Mai zanen bai yi amfani da launi fiye da biyar ba, kuma farin dokin ma ba farin fenti zalla ba ne, ya ɗan ratsa shuɗi a ƙarƙashin ciki da bayan kunne, shi ya ba jikin nauyi. Abin da ya fi burge mu shi ne yadda ya yi da katakon. Ƙyauren mota falle-falle ne, akwai tsaga tsakanin kowane katako da ɗan'uwansa, ga sakata da ƙusoshi. Ɗan koyo yakan zana dokinsa kamar babu su, sai tsaga ta raba ido biyu. Wannan kuwa ya auna, ya sa tsagar ta bi layin majayi, sakatar ƙarfen ta faɗo daidai inda likkafa take. Mutum ne da ya san allonsa kafin ya tsoma buroshi.

Na biyu a Chalawa yake, a bayan motar da ta kawo ɗanyar fata, ƙudaje sun yi mata rumfa. Akawal ne, baƙi wuluk, ba mahayi, ba sirdi, ba ado, sai ragama kawai. Yana tsaye a turke, ya ɗan sassauta ƙafar baya ɗaya yadda doki ke yi idan ya gaji, kunne ɗaya gaba ɗaya baya. Bayansa babu fada, babu bishiya, babu gajimare, ruwan ɗorawa ne shafe daga sama har ƙasa. A goshinsa akwai ɗan fari wanda bai zauna a tsakiya ba, ya karkata hagu. Wannan karkatar ce ta tsayar da mu. Mai ƙirƙirar doki daga kansa a tsakiya zai sa farin, don ido ya fi son daidaito. Wanda ya karkatar da shi doki ya gani. Da muka tambayi direban, sai ya ce dokin mahaifin mai motar ne, ya mutu da daɗewa, daga wani tsohon hoto aka ɗauko shi.

A wurinmu wannan ne zanen da ya fi kowanne a duk zagayen da muka yi, kuma shi ne ya cancanci a kira shi hoton doki na haƙiƙa, irin wanda ake yi wa mutum don a tuna kamanninsa. Wanda ya taɓa ganin hoton dokin nan Whistlejacket da George Stubbs ya zana a Ingila wajen 1762, wanda ke rataye a babban gidan zane na Landan, zai gane dabarar: a share komai daga baya, a bar dabba ita kaɗai, ido ya rasa inda zai gudu. Ba mu ce mai zanen Chalawa ya san Stubbs ba. Matsala ɗaya suka fuskanta, suka faɗa kan mafita ɗaya.

Na uku a Bompai muka same shi, kuma shi ne ya fi kowanne sheƙi. Fararen dawaki biyu sun yi tabarya suna fuskantar juna, an zagaye su da furanni da taurari, fenti sabo fil. Daga nesa sai ka ce ya fi sauran. Da ka matso sai ka ga dawakin tambarin Nijeriya ne aka kwafo, aka cire baƙar garkuwar da ke tsakaninsu aka sa sunan mai mota. Ƙafafun gaba kamar hannun mutum, ƙirji babu tsoka, idanu irin na kifi. Ba kili ba ne, ba hurde ba ne, doki ne da ba a taɓa ba shi harawa ba. Dawakin tambari an yi su ne don su wakilci martaba, ba a yi su don su yi numfashi ba. Wanda ya kwafe su ya kwafi alama, ya bar dabba. Irin wannan zane ya fi yawa a hanya, kuma shi ne yake ja wa sana'ar raini.

Kuskuren da ya halatta da wanda bai halatta ba

Masu ilimin zane na makaranta sukan ce aikin 'yan fenti cike yake da kurakurai: kai ya yi girma, ƙafafu sun miƙe gaba da baya kamar doki na tashi sama, babu nisa babu kusa. Gaskiya ne, amma ba kowane kuskure ne aibi ba. Miƙaƙƙun ƙafafun nan, alal misali, manyan masu zanen Turai sun daɗe suna yin su. Haka Théodore Géricault na Faransa ya zana dawakin sukuwar Epsom a 1821. Sai a 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Kalifoniya ta Amurka, ya nuna cewa lokacin da kofato huɗu ke barin ƙasa, ƙafafun a tattare suke a ƙarƙashin ciki. Duk da haka babu wanda ya sauke zanen Géricault daga bango, domin abin da ya kama shi ne yadda gudu yake a zuciyar mai kallo.

Girman kai ma da dalilinsa. Zanen bayan mota an yi shi ne don direban da ke biye, ta cikin ƙura, da tazarar taku ashirin ko talatin. Dole a ƙara girman ido da hanci, a kaurara layi, a zaɓi launi mai ihu. Wanda ya auna shi da ma'aunin zanen ɗakin baƙi ya yi wa kansa.

Kuskuren da bai halatta ba shi ne na rashin sani. Mun ga zanen da aka ɗaura wa doki majayi a wuya. Mun ga wanda aka sa wa sirdin Turawa, aka ɗora masa mai rawani da alkyabba. Mun ga mahayi da rawani mai kunne biyu yana tafe shi kaɗai a daji, ba zagi ba dogari. Ɗan barga ɗan shekara goma zai yi wa waɗannan dariya. Ƙa'idar a taƙaice ita ce: mai zane na da izinin ya ƙara gishiri a abin da ya gani, ba shi da izinin ya zana abin da bai taɓa tsayawa ya duba ba.

Inda muke da ƙorafi

Ko gwanayen ma muna da magana da su. Na ɗaya, sarauta ta cinye doki. A mafi yawan zanen da muka gani, dokin kujera ce kawai ta mai martaba. An ɓata yini guda a kan lema da alkyabba da takalmin gashin jimina, dabbar kuwa an gama da ita cikin gaggawa. Hoton marigayi Sarki Ado Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014, a kan doki ƙarƙashin lema, ya zama tamkar hatimi, kowa daga kalanda ɗaya yake kwafa. Ƙaunar da ta sa ake zana shi abin girmamawa ce, amma kwafin kwafi ba ya haifar da sabon abu.

Na biyu, ba mu ga goɗiya da ɗanta ba ko sau ɗaya. Ba mu ga dokin ƙauye da ake kilisa da shi da yamma ba, balle dokin haya da angwaye ke hawa. Jaki kuwa, wanda shi ne ainihin kakan babbar mota a wajen dako, shi da raƙumi da takarkari, ba mu ci karo da shi a bayan kowace mota ba. Mun fahimci dalili. Direban da ya kwana uku a ƙofar kamfani yana jiran lodi, sauro na cizonsa, ba ya son a tuna masa wahala. So yake idan ya hau hanya a gan shi a matsayin barde. Zanen fata ne da addu'a, kamar rubutun da ke samansa, su "Mahaƙurci mawadaci" da "Allah ya kiyaye hanya". Duk da haka fasahar da ba ta kallon rayuwar masu ita takan tsufa da wuri. Akawal ɗin Chalawa ya nuna akwai wata hanyar.

Na uku, zanen namu ba ya riƙe suna. A Senegal masu zane a bayan gilashi sun daɗe suna zana Lat Dior, sarkin Kayor da ya yi adawa da shimfiɗa titin jirgin ƙasa na Faransawa har aka kashe shi a 1886, kuma jama'a sun san sunan dokinsa, Malaw. Mu ma muna da dawakin da suka yi suna a barga da filin sukuwa, amma mai zane bai saba rubuta sunan doki a ƙarƙashinsa ba, shi kansa ma sau da yawa lambar waya kawai yake bari a kusurwa, rana ta cinye ta cikin shekara biyu.

Abin da ke shirin ɓacewa

Motocin bodin katako suna ƙarewa. Tirelolin ƙarfe na manyan kamfanoni da ke maye gurbinsu launi ɗaya ake yi musu, da tambarin kamfani da lambar kai ƙara. Direban irin wannan mota ma'aikaci ne, ba shi da ikon ɗiga ko ɗigon fenti. Masu motar kansu kuma sun gano sitika: a ɗauko hoton doki daga intanet, a buga a inji, a manna cikin awa guda, kuɗin bai kai na mai zane ba. Dokin sitika ba shi da kuskure ko ɗaya, ƙafafunsa daidai, gezarsa na sheƙi. Sai dai yawanci dokin wata ƙasa ne a cikin ciyawar wata ƙasa, kuma irinsa ɗaya za ka gani a bayan mota goma. Ba ya san tsagar katako, ba ya san wane ne mai motar.

Idan bodi ya ruɓe, kafinta ya ɓalle shi, katakon wurin mai ƙosai yake ƙarewa. Haka aikin shekara da shekaru yake tafiya a hayaƙi. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su, kuma mun yi murna. Amma mu tuna an dakatar da hawa a 2020 saboda annobar korona, an kuma hana shi a 2024 da 2025 saboda rikicin sarauta. A waɗannan sallolin, yaro da yawa a Kano bai ga doki da cikakken ado ba sai a bayan mota. Masu fentin da muke rainawa su suka riƙe mana hawan a lokacin da fada ta yi shiru.

Ba mu ce a hana sitika ba, ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Abin da muke nema kaɗan ne. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa su sayi ƙyaure biyu ko uku daga hannun kafintoci kafin su shiga murhu, su rataye su da sunan wanda ya zana. Ɗaliban zane da na nazarin Hausa a jami'o'inmu su nemi tsofaffin masu fenti su ji wa ya koya musu, daga ina salon ya zo, me ya sa wani launi ya fi wani jure rana. Marubutanmu, waɗanda suka cika littattafai da motocin alfarma, su waiwayi mutumin da ke tsaye kan benci da gwangwanin fenti a hannu, akwai labari a wurinsa.

Mu kuma masu waya a hannu namu ya fi sauƙi. Idan cunkoso ya tsayar da mu a bayan babbar mota a hanyar Panshekara ko shataletalen Sharaɗa, maimakon tsaki mu ɗaga kai. Mu duba ko kili ne ko danda, mu duba inda aka ɗaura majayi, mu nemi sunan mai zanen a kusurwar ƙasa. Idan ya yi kyau mu ɗauki hoto, mu rubuta rana da wuri. Mun koma Chalawa bayan mako biyu don mu sake ganin akawal ɗin nan da haske mai kyau, aka ce motar ta yi Arewa da lodi, ba a san ranar dawowarta ba. Hoto ɗaya muka ɗauka a karon farko, shi ma rana ta haske rabinsa.